Ranar da Injiniya Ya Yi wa Gona Kwalliya

Injiniya bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba, amma ya taɓa gyara rediyon wani da ya shiga, kuma tun daga ranar ya daina amsa kowane suna sai wannan. Shagonsa na gyaran waya yana bakin titi, Tela a damansa, Mai Fenti a hagunsa. Wayar da ta shiga shagon takan fito, ba a musun wannan. Abin da ake musu a kai shi ne ko takan fito da dukkan kayan cikinta.

Matarsa Auta, mai aiki a kantin magani, ta san shi kamar yunwar cikinta, kuma duk da haka tana son abinta. Shi ne ya taɓa goya babanta a cikin ruwan sama har asibiti, yana haki yana gaya wa tsohon cewa da a ce akwai kayan aiki a gida da shi da kansa zai yi masa tiyatar. Tsohon ya yi dariya har ya manta ciwo. Bayan rasuwarsa ya bar wa Auta gona ɗaya a bayan gari, kuma wannan gonar ce kwazazzabo ya sa wa baki. Daminar bara ya haɗiye kunya goma sha biyu. In aka bar shi, bana sai ya raba gonar biyu ya tafi da rabin.

Ran nan sai ga wata Malama daga ofishin kula da ƙasa, da baƙin akwati a hannu. Aka tara masu gonaki a ajin makaranta, manya a kan bencin yara, gwiwoyi a haɓa. Ta buɗe akwatin ta fito da wani ɗan jirgi marar matuƙi mai fukafukai huɗu, bai fi girman faranti ba.

"Ranar Alhamis da safe zai tashi ya ɗauki hoton gonakinku daga sama," in ji ta. "Da hotunan za mu haɗa taswira. Inda ƙasa take da rai zai fito kore, inda ta gaji ta mutu zai fito ja. Gonaki ashirin kaɗai za mu iya gyarawa kafin ruwa ya sauka, kuma da jajayen za mu fara."

Injiniya ya miƙe, ya gyara hula. "Malama, irin wannan jirgin na sha buɗe shi."

"Ka taɓa aiki da shi ke nan?"

"Na gan shi a waya. Ai duk abu ɗaya ne, batir ne da fanka."

Gwaggon Auta, ƙanwar babanta, tana bencin baya da sandarta. Ta ce, "Fankar ɗakina ma ya buɗe ta. Yanzu in tana juyawa sai mu fita waje shan iska."

Aji ya ɗauka da dariya. Injiniya ma ya yi dariya, don shi a ganinsa duk inda aka ambaci aikinsa talla ce.

Auta ta koma gida da sanyin zuciya. Gonarta ko makaho ya shafa ya san ja ce. Tana cikin wanke kwanuka mijin ya shigo da irin tafiyar nan da ta sani, tafiyar da yake yi in dabara ta zo masa. Ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"Autar Baba, kin ji abin da matar nan ta ce?"

"Na ji. Ta ce da jajayen za su fara."

"Haka suke faɗa! Ke ba ki san ofis ba. Ni in aka kawo mini waya biyu, ɗaya ta mutu murus, ɗaya tana ɗan ƙyafta ido, wacce nake taɓawa?"

"Dukkansu kake taɓawa, Maigida. Matsalar ke nan."

"Mai ƙyafta ido nake gyarawa! Wa zai zuba wahalarsa a kan gawa? Ja ɗin nan tarko ne. Duk wanda ya fito ja, biro za su ja a kan sunansa. Dole gonar Baba ta fito kore shar, su ga akwai rai."

"Don Allah ka bar gonar yadda take."

"In bar ta tsirara a ɗauki hotonta? A liƙa a bangon ofis, kowa ya zo ya ce ga gonar matar Injiniya? Ina! Ba da ni ba."

Kashegari kafin hantsi ya riga ya sayar wa Tela da Mai Fenti da maganar, kafin azahar rabin layin ya saya. Ba wai sun yarda da shi ba ne ɗungurungum. Kunyar hoto ce ta kama su. Mutum zai iya zama da gonar da ta mutu shekara goma, amma a ce za a haska ta a gaban jama'a, sai ya ji kamar an ce ya fito da yagaggen wando.

Mai Fenti ya fara. Ya loda gwangwani huɗu na koren fenti a baro, ya tsaya a tsakiyar gonarsa yana zubawa Injiniya na nuna masa da baki. Ƙasar ta shanye gwangwani na farko ba ta ko yi godiya ba. Na biyu ma haka.

"Ƙara," in ji Injiniya. "Shafin farko ne."

"Shafin farko? Bango ne?"

"Ƙasa ai bango ce da ta kwanta."

Da aka kai na huɗu an sami wani ɗan da'ira mai launin majina, girman tabarma. Kaji suka bi ta ciki suka fita da koren safa, suka shiga gidan Gwaggo suka sa hannu a kan zannuwan da ta shanya.

Tela shi kuma ya fito da bandir ɗin koren yadi da aka ba shi ɗinkin kayan makaranta. Ya ce aro zai yi na kwana biyu, yadin ba zai sani ba. Suka shimfiɗa shi a gonarsa suka danne da duwatsu. La'asar na yi iska ta taso, ta ɗauke gefe guda, ta naɗe Tela a ciki kamar sabon jariri, ta mirgina shi har gindin ƙaya. Injiniya ya tsaya yana ba da umarni daga nesa.

"Kada ka motsa! Kai ma ka yi kyau daga sama!"

Sauran maƙwabta kowa ya kawo abin da ya samu. Mai tabarmar roba ya kawo, mai tamfol ya kawo, mai koren buhu ya farke ya shimfiɗa. Wani ya kawo labulen ɗakin matarsa, matar ta biyo shi da muciya. Bayan gari ya koma kamar kasuwar gwanjo da aka yi wa ambaliya.

Gwaggo ce kaɗai ta ƙi. Ta kafa kujera a bakin gonarta, wadda ta bushe ta tsattsage kamar tafin ƙafar mai doguwar tafiya, ta ɗora sanda a cinya.

"Gwaggo, a bari in sa miki ko tabarma ɗaya," in ji Injiniya.

"Wanda ya je asibiti da kwalliya ai shi ya so ciwonsa. Taka mini gona ka gani."

"Za ki fito ja fa."

"Tun kafin a haife ka nake ja. Wuce."

Amma duk wannan wasa ne. Babban aikin yana gonar Auta, kuma nan Injiniya ya rantse ba leda, ba fenti, ba yadi. Matarsa ba za ta sa jabu ba. Ya je wajen mai renon itatuwa ya lallaɓe shi ya ba shi aron dashe ɗari biyu a cikin ledojinsu, wai baje koli za a yi. Ya jera su layi-layi ya rufe ledojin da ƙasa. Sannan ya dubi kwazazzabon, wanda ya hangame baki a tsakiyar gonar, ya ce wannan ne abin kunyar, dole a rufe shi. Ya gicciya masa azara da tsofaffin katakai, ya shimfiɗa tabarmi a kai, ya ce saura ganye.

Auta ta taso daga aiki ta tarar da shi gumi sharkaf, tafin hannu ya yi kanta, rigar da ta goge masa da safe ta koma tsumma. Ta zo da faɗa cike da baki. Ya ɗago ya yi mata murmushi.

"Kin ga layin nan na gaba? Daidai inda Baba yake zama in ya gaji. Na sa masa masu fure."

Ta haɗiye faɗan. Ta miƙa masa ruwa. Da ya juya baya ta janye tabarma biyu ta jefa cikin ramin. Da ta juya baya ya kawo uku.

Ranar Laraba ya sari ganye ya lulluɓe tabarmin. Awakin unguwa, waɗanda rabon su da ɗanyen ganye tun kaka, suka ɗauka walima aka shirya musu. Kafin ya je ya dawo sun share ganyen tas sun fara da masu furen Baba. Ya bi su da gudu, suka watse suka bi ta gonar Mai Fenti, suka fito kore. Har yamma mutane suna rigimar wace akuya ce ta wa.

"Ba komai," in ji Injiniya. "Gobe da sassafe zan sa sabo, ya fi sheƙi."

Ya kuwa cika alkawari. Alhamis gari na wayewa, Auta ta tafi buɗe kanti, shi ya ɗauki adda. Itace uku ne suka rage a bayan garin masu inuwar kirki, ɗaya na Gwaggo ne. Ya yi musu aski na tsaf, ya kwashe rassan ya shimfiɗa a kan kwazazzabon har ba a ganin ko tsaga. Da Gwaggo ta iso da kujerarta ta nemi inuwa ta rasa, sai da mutum uku suka riƙe ta.

Malama ta tsaya da motarta can kan tudu, nesa da gonakin, don daga nan take tayar da jirgin. Ta riga ta tsara masa hanyarsa a na'ura, shi zai yi ta kai da komo da kansa. Injiniya bai yarda da wannan ba. Ya ɗaura jan ƙyalle a gora, ya shiga tsakiyar gonaki yana kaɗawa.

"Dama! Dama na ce! Yauwa. Yanzu hagu!"

In jirgin ya juya dama sai ya waiwayi jama'a ya ɗaga gira. In ya juya hagu sai ya ce da ma hagun yake nufi. Ya bi shi a guje daga gona zuwa gona, yana tsalle kunya, yana tsayawa ƙarƙashinsa ya ƙame ya sara masa. Da jirgin ya koma kan tudu, ya zube a ƙasa yana haki.

"Da ba na nan," ya ce, "da ya ɓata."

Kwana shida bayan haka aka sake taruwa a ajin. An rataya farin zane a kan allo, an kunna majigi. Injiniya ya sa babbar rigarsa, ya zauna a bencin gaba, ya ajiye wa Auta wuri kusa da shi. Ta zo ta zauna.

Taswirar ta fito. Ja. Ja daga wannan gefen zuwa wancan, kamar an yanka bijimi a kan zanen.

"Kafin mu fara," in ji Malama, "akwai wani mutum da ya fito sau tara a taswirar nan. Ga shi nan, ga shi nan, ga shi can yana sarawa. Na'urar ta ɗauka mutum tara ne."

"Ɗaya ma ya ishe mu," in ji Gwaggo.

"Na biyu, na ga an shimfiɗa abubuwa a gonaki. Ban san dalili ba. Idon jirgin nan ba irin namu ba ne, ganye mai rai yake ganewa. Fenti ko leda ko yadi, a wurinsa duk matacciyar ƙasa ce."

Ta fara karanta jerin. Gwaggo ce ta ɗaya. Tela na huɗu. Mai labule na tara. Mai Fenti ya shiga da ƙyar, na ashirin. Duk wanda aka kira sai ya juyo ya ɗaga wa Injiniya hannu.

"Allah ya saka da alheri, Injiniya!"

"Kai ne ka mayar da mu ja!"

Injiniya ya fara karɓar gaisuwar da murmushi, yana cewa ai da ma ya san haka za a yi. Sai ya lura ba a kira matarsa ba.

Malama ta nuna wani ɗan wuri a tsakiyar jan. Kore ne shar, shi kaɗai, kamar ganye a kan jini. "Wannan kuma ina taya mai ita murna. Gonar da ta fi kowace lafiya a yankin. Itatuwa a jere, ƙasa a shimfiɗe, ba ko rami. Ba ta buƙatar komai. Ta wace ce?"

Ba wanda ya yi dariya. Auta ta miƙe a hankali.

"Tawa ce, Malama. Akwai rami. Ya fi tsawon mutum."

"Taswira ba ta nuna shi ba, 'yar'uwa. Jirgin kuma an wuce da shi wani yanki, yau da yamma nake miƙa jerin nan."

Auta ta dubi mijinta.  Ya gyara hula.

"Malama," ya ce, "jirgin ne ke da matsala. Tun ranar na ji ƙarar fankar ba daidai ba. In kin kawo shi shago..."

"Malama, taso ki gani da idonki," in ji Gwaggo, tana dogara sanda. "Minti goma ne. In ƙarya ne ki cire sunana."

Ajin gaba ɗaya ya biyo su, har da waɗanda ba su da gona. Mai renon itatuwa ya riga ya kwashe abin da awaki suka rage masa, sai ramukan ledoji a jere. A tsakiyar gonar kuma ga wani faffaɗan gado na busassun rassa, shimfiɗe lafiya lau. Malama ta tsaya tana kallonsa, ta kalli takardarta, ta sake kallonsa.

"Wane ne ya yi wannan?"

Injiniya ya duƙa yana duba takalminsa.

"Ko wane ne," in ji Gwaggo, tana kallon sama, "bai iya aiki ba. Shirme ne. Ko kaza ta hau sai ya rufta."

Injiniya ya ɗago kamar an tsikare shi. "Kaza? Gwaggo, kaza? Azara goma sha huɗu ce a ƙasan nan! Ni na ɗaure su da hannuna! Jaki da kaya zai wuce ta nan!"

"To ga jakin, saura kayan."

"Maigida, kada ka..." in ji Auta.

Ya riga ya tattare babbar riga. Ya taka ɗaya. Ya taka biyu. A na uku ya juyo ya fuskanci jama'a, ya buɗe hannuwa, ya ɗan yi tsalle don kowa ya shaida.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙaras, sai ƙura. Da ƙurar ta lafa babu Injiniya, sai hularsa a kan wani reshe tana lilo.

Auta ce ta fara kai wa bakin ramin. Can ƙasa ta hango shi zaune cikin tabarmi, ganye a kunne, yana motsa ƙafafu ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga su.

"Ka ji ciwo?"

"Ni? Sauka na yi."

Sai a lokacin jama'a suka fashe. Tela ya riƙe ciki ya durƙusa. Mai labule yana dukan ƙasa. Malama ta leƙa, ta cije leɓe, ta fito da biro.

"Malam, daure ka miƙe tsaye. Ka jingina da bangon. Tsawonka nawa?"

"Ƙafa shida."

"Biyar da rabi," in ji Tela yana share hawaye. "Ni nake ɗinka masa wando."

Ya ciro tef ɗinsa daga wuya ya zura daga bakin ramin zuwa tsakar kan Injiniya. Ƙafa uku ta rage. Malama ta haɗa, ta bi tsawon ramin da ido har inda ya ɓace.

"Wannan ya wuce ja," ta ce. "Damina ɗaya ta rage masa." Ta ja layi ta rubuta sunan Auta a saman na Gwaggo. "Amma ashirin ne, ba ƙari. Na ƙarshe ya sauka."

Mai Fenti, wanda ya riga ya kama hanya zai ɗauko tsani, ya tsaya cak. Ya juyo a hankali.

"Gwangwani huɗu," ya ce. "Gwangwani huɗu, Injiniya!" Ya nemi dutse ya zauna ya harɗe hannu. "Tsanina ba ya aro yau."

Aka aika neman wani tsanin a cikin gari. Jama'a suka raka Malama mota suna maimaita labarin tun bai huce ba, kowa da irin tsallen da ya ga an yi. Auta ta zauna a bakin ramin, ta ciro hular daga reshe tana kakkaɓe ta.

Daga ƙasa, da muryar da ba ta taɓa jin ya yi magana da ita a gaban mutane ba, ya ce, "Autar Baba. An rubuta?"

"An rubuta. Na ɗaya."

Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo.  Sannan ya gyara murya.

"Kin gani ko? Da ban shiga ba, da me za su auna?"

Ta leƙo ta saka masa hular a ka, ta ɗan karkace ta yadda yake so.

"Gaskiyarka, Injiniya," ta ce. "Ka huta sosai. Malama ta ce akwai wasu ramuka biyu a gaba da ba a auna ba."